Radeon RX 9070 XT: sharhi ga mai haɗa kwamfutar wasa da ke neman katin hoto

A cikin kayan da ake tarawa domin haɗa kwamfutar wasa, katin hoto ne ya fi cin kuɗi, kuma shi ne wanda idan aka yi kuskuren zaɓensa ake daɗewa ana jin jiki, domin ba abu ne da ake sauyawa kowace shekara ba. Wannan sharhi ya shafi Radeon RX 9070 XT na kamfanin AMD, wanda ya shiga kasuwa ranar 6 ga Maris, 2025, da farashin dala 599 kamar yadda kamfanin ya ayyana. Ra'ayina a kansa ba ɓoyayye ba ne: ga mai allo na 1440p wanda wasa ne babban dalilinsa na haɗa kwamfuta, wannan kati ya fi sauran na ajinsa ma'ana, matuƙar an same shi kusa da farashinsa na asali. Sai dai yana da wuraren da ya gaza, kuma akwai mutanen da sayensa zai zame musu asarar kuɗi.

Ƙwaƙwalwar katin, wadda ake kira Navi 48, an gina ta ne bisa tsarin ƙirar AMD mai suna RDNA 4, kuma kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera ta. Tana da rukunin lissafi 64, an haɗa ta da memori mai girman GB 16 na nau'in GDDR6 a kan hanya mai faɗin bit 256, wadda ke iya safarar bayanai kimanin GB 640 a kowace daƙiƙa. Wutar da aka ƙiyasta wa katin ita ce wat 304. A wannan zubin AMD bai nemi yin gogayya da manyan katunan Nvidia irin su RTX 5090 ba. Ya tattara ƙarfinsa ne a tsakiya, inda mafi yawan masu saye suke. Bai kuma fitar da samfurin kansa ba, don haka duk wanda za a gani a kasuwa na abokan hulɗarsa ne, irin su Sapphire da PowerColor da XFX da ASRock da Asus da Gigabyte.

Waɗannan alƙaluma ba su da amfani sai an auna su da allon da za a haɗa katin da shi, kuma a nan ne mutane da yawa suke fara lissafinsu a baibai, su sayi kati tukuna sannan su tuna da allo. Allo na 1080p yana da ɗigo kimanin miliyan 2.1, na 1440p yana da kimanin miliyan 3.7, na 4K kuwa kimanin miliyan 8.3. Kowane ɗigo sai katin ya lissafa launinsa, kuma sai ya maimaita wannan lissafi sau 60 ko 120 ko fiye a daƙiƙa guda, gwargwadon saurin allon. Wanda yake son firam 60, wato hotuna 60 a daƙiƙa, ya ba katinsa kimanin milisakan 16.7 ne ya gama zana hoto ɗaya, wanda yake son 120 kuma rabin wannan lokaci kawai ya ba shi. A wannan ma'auni, gidan RX 9070 XT shi ne 1440p mai sabunta hoto sau 144 ko 165 a daƙiƙa, inda yake tafiyar da mafi yawan manyan wasanni a saiti mai girma ba tare da an yi ta rage wannan ana kashe wancan ba. Yana iya ɗaukar 4K, amma a wasanni masu nauyi sai an taimaka masa da fasahar ɗaga hoto, wadda ke faɗaɗa ƙaramin hoto ya cika allo. A 1080p kuwa ƙarfinsa ya yi yawa, kuma sau da yawa firosesa ne zai gaji ya bar katin yana zaune yana jira.

Abin da ya fi jan hankalina gare shi shi ne memorinsa, kuma wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne wanda tallace-tallace suka fi saurin tsallakewa. Duk abin da ido ke gani a cikin wasa, daga fatar bango da tufafin ɗan wasa zuwa inuwa da siffar itatuwa, sai an ɗora shi a memorin katin kafin a zana shi. Matuƙar kayan sun shiga, babu bambanci tsakanin kati mai GB 12 da mai GB 16. Ragowar memorin ba ya ƙara ko firam ɗaya. Amma da zarar wurin ya cika, sai katin ya koma yana ɗebo kaya daga babban memorin kwamfuta ta ramin PCIe da ake soke katin a cikinsa, wanda ko a sabon zubi na 5.0 mai layi 16 bai wuce kimanin GB 64 a daƙiƙa ba, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na saurin memorin katin kansa. Sakamakon haka ba raguwar sauri ba ce a hankali wadda mutum zai iya jurewa. Wasan zai riƙa cijewa yana saki, ko kuma bango ya bayyana a dushe kamar an shafe shi, sai bayan daƙiƙu kaɗan ya dawo daidai. Matsakaicin adadin firam da ake nunawa a jadawalin gwaji yakan ɓoye wannan matsala, shi ya sa ya fi kyau mai saye ya duba mafi ƙarancin firam, wato waɗanda suka faɗo a kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasa, domin su ne hannu da ido suke ji.

Dalilin da ya sa buƙatar memori take hauhawa a bayyane yake. PlayStation 5, wadda ta fito a Nuwamban 2020, tana da GB 16 da firosesa da sashen hoto suke rabawa, kuma masu ƙera manyan wasanni da ita suke fara aunawa kafin su kawo wasan kan kwamfuta. Tun a 2023, lokacin da The Last of Us Part I ya fito a kwamfuta, masu katunan GB 8 suka fara ganin iyakarsu a fili. Bugu da ƙari, bin sawun haske (lissafa tafiyar haske a cikin wasa) da ƙirƙirar firam (cusa hotunan hasashe tsakanin na ainihi), waɗanda su ne ake tallata sababbin katuna da su, su ma memori suke ci. A yau GB 12 yana wadatarwa a 1440p a mafi yawan wasanni, wannan gaskiya ce, amma wanda zai kashe fiye da dala 500 yana sa ran katin ya yi masa shekara huɗu ko biyar, kuma memori ba abu ne da ake ƙarawa daga baya ba, tun da a jikin katin aka like shi.

Wannan ne ya kawo mu kan abokin hamayyarsa na kusa a farashi, GeForce RTX 5070, wanda ya fito kwana ɗaya kafin shi da farashin dala 549 da memori GB 12 na GDDR7. A bikin baje kolin CES na Janairun 2025, shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya gabatar da shi a matsayin katin da zai ba da ƙarfin RTX 4090, wanda aka fitar a 2022 da farashin dala 1,599 da memori GB 24. Da masu gwaji masu zaman kansu suka sa hannu a kansa, sai ta bayyana cewa wannan magana ba ta tsayawa sai an kunna fasahar da ke ƙirƙiro firam har uku tsakanin kowane firam biyu na ainihi. A zane na gaskiya kuwa ɗan gaba kaɗan yake da RTX 4070 Super da ya gada, kuma RX 9070 XT ya ba shi rata mai kyau.

Ba ina cewa ƙirƙirar firam yaudara ce ba, domin tana da amfaninta, kuma AMD ma yana da tasa. Abin da take yi shi ne ta dubi hotuna biyu da katin ya zana, ta yi hasashen abin da ke tsakaninsu, ta cusa shi, don motsi ya yi santsi a ido. Amma wasan kansa ba ya sanin an yi haka. Idan katin yana zana firam 30 na ainihi, to sau 30 a daƙiƙa wasan yake sauraron linzami da madannai, ko da kuwa lambar da ke kusurwar allo tana nuna 120, kuma ma sai an ɗan riƙe firam ɗaya kafin a nuna shi domin a samu abin da za a yi hasashe da shi, wanda hakan ke ƙara jinkiri. Saboda haka fasahar ta fi kyau ne a lokacin da ba a matse da buƙatarta ba, wato idan wasan yana tafiya a 60 ko sama da haka kuma ana son a cika allo mai sauri. AMD da kansa 60 ɗin yake ba da shawarar a samu kafin a kunna tasa. Shawarata ga duk mai kwatanta katuna ita ce ya ajiye lambobin da aka samu da wannan fasaha a gefe, ya fara duba abin da kowane kati yake zanawa da ƙarfin kansa.

Ɗaga hoto kuwa wani abu ne daban, kuma a nan ne RX 9070 XT ya yi babban ci gaba a kan magabatansa. Dabarar ita ce katin ya zana hoton a ƙaramin ma'auni, sannan a cike gurbin da ya rage har ya kai girman allon, kuma firam ɗin da ake samu ta haka na gaske ne, jinkiri ma raguwa yake yi. Nvidia ya daɗe yana gaba a wannan fage da DLSS, wadda ta zo da katunan RTX 20 na 2018 kuma take amfani da ƙirƙirarriyar basira. FSR ta AMD, wadda ta fara a 2021, tana aiki a kan kowane kati, amma har zubi na uku tana da aibin da ba ya ɓuya: siraran abubuwa kamar waya da shinge da gashi suna ƙyalli suna rawa, abu mai gudu kuma yana barin inuwa a bayansa. FSR 4, wadda aka ƙaddamar tare da wannan kati kuma take dogaro da sassan ƙirƙirarriyar basira da ke cikinsa, ta gyara mafi yawan wannan, har ta kai mutum yana iya barinta a kunne a 1440p ba tare da idonsa yana komawa kan kurakurai ba. A gani na DLSS 4 har yanzu ta ɗan fi ta kaifi, amma tazarar ba ta kai a zaɓi kati saboda ita ba. Inda tazarar take da gaske shi ne yawan wasannin da suka karɓi kowace: DLSS tana cikin ɗaruruwan wasanni, FSR 4 kuwa ta fara ne da 'yan gomomi, duk da cewa Adrenalin, manhajar AMD ta sarrafa katin, tana iya sauya FSR 3.1 zuwa 4 a wasannin da aka amince da su. Wanda yake da wasanni biyu ko uku da ya fi bugawa, ya kamata ya bincika ko suna cikin jerin kafin ya biya kuɗi.

Bin sawun haske, wato lissafa yadda haske ke fita daga fitila ya bugi abu ya dawo, shi ne raunin katunan Radeon tun da aka fara shi, kuma a da ana iya cewa a kashe shi a huta. Yanzu wannan uzuri ya fara ƙarewa, domin Indiana Jones and the Great Circle na Disamban 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025 ba sa tashi sam a kan katin da ba shi da sassan wannan aiki. RX 9070 XT ya rage tazarar sosai, har yana wuce RX 7900 XTX a wannan fanni, katin da aka sayar da shi dala 999 a ƙarshen 2022. A wasannin da suke amfani da fasahar daidai gwargwado, babu abin kuka. Amma a nau'inta mafi nauyi, inda ake bin sawun kusan dukkan hasken da ke cikin fage, kamar saitin Overdrive na Cyberpunk 2077 ko mafi girman saitin Alan Wake 2 da Black Myth: Wukong, Nvidia yana nan gaba da rata mai faɗi. Wanda wannan kyan haske ne ya ja shi zuwa haɗa kwamfuta, RTX 5070 Ti ne katinsa, ba wannan ba.

Shi RTX 5070 Ti ɗin, wanda ya fito a Fabrairun 2025 da farashin dala 749 da memori GB 16, shi ne ma'aunin da ya dace a gwada RX 9070 XT da shi. A zane na yau da kullum kusan kafaɗa da kafaɗa suke, na Nvidia yana ɗan gaba a jimlace, na AMD kuma yana wucewa a wasu wasanni irin su Call of Duty. Duk hujjar sayen katin AMD ta rataya ne a kan wannan bambanci na dala 150, kuma a nan ne matsalar take, domin a watannin farko bayan fitowarsa samfuran da aka sayar a dala 599 sun ƙare da wuri, sauran kuma suka haura sama da haka sosai. Farashin katunan hoto yana hawa da sauka, saboda haka ƙa'idar da zan bayar ita ce a dubi tazarar da ke tsakaninsu a ranar saye. Idan ta kai dala 100 ko fiye, RX 9070 XT ya fi riba. Idan ta ragu zuwa dala 50 ko ƙasa, babu dalilin ƙin ɗaukar na Nvidia, wanda ya fi shi a bin sawun haske, ya fi shi yawan wasannin da ke da fasahar ɗaga hoto, kuma ya fi shi tattalin wuta a aikace.

Akwai kuma ƙaninsa, RX 9070 marar XT, mai rukunin lissafi 56 da memori GB 16 iri ɗaya, wanda aka sa wa dala 549. Bambancin dala 50 ya yi kaɗan idan aka dubi ƙarfin da aka rage masa, amma wat 220 kawai yake ci, don haka ya dace da ƙaramin akwati ko na'urar wuta mai wat 650 da mutum yake da ita tun da.

Batun wuta ba ƙaramin abu ba ne a kan XT ɗin. AMD yana ba da shawarar na'urar wuta mai wat 750, kuma wasu samfuran da aka ƙara wa gudu daga masana'anta suna cin fiye da wat 304 ɗin. Ingancin na'urar ya fi lambar da aka rubuta a jikinta muhimmanci, domin katunan zamani sukan zabura su ja wuta mai yawa na ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma na'ura mai arha takan kashe kwamfutar ɗungurungum a irin wannan yanayi. Abin da na yaba shi ne mafi yawan samfuran suna amfani da tsohon mahaɗi mai fil 8, biyu ko uku, wanda aka daɗe da saninsa. Sabon mahaɗi mai fil 16 ya yi ƙaurin suna tun 2022, lokacin da aka samu rahotannin narkewarsa a kan RTX 4090, abin da ya sa aka yi masa kwaskwarima zuwa 12V-2x6. Wasu samfuran RX 9070 XT, kamar Sapphire Nitro+ da ASRock Taichi, wannan sabon suke amfani da shi, kuma wanda ya zaɓe su ya tabbatar ya tura wayar har ƙarshe, bai kuma lanƙwasa ta dab da bakinta ba. Ga masu fil 8, ya fi aminci kowane rami ya samu wayarsa daga na'urar wuta, maimakon a raba waya ɗaya gida biyu. Wat 300 kuma zafi ne da zai fita ya shiga ɗaki. Manhajar Adrenalin tana ba da damar rage ƙarfin wutar da ke shiga ƙwaƙwalwar katin, kuma wannan kati yana karɓar hakan da kyau, ya rage zafi da ƙarar fanka ba tare da saurinsa ya faɗi yadda za a lura ba.

Waɗanda bai kamata su saye shi ba sun kasu biyu. Na farko su ne masu son kwamfutar ta yi musu aiki bayan wasa, kamar zane mai siffa uku a Blender ko horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, domin mafi yawan waɗannan kayan aiki a kan CUDA aka gina su, wato fasahar Nvidia ta sa katin hoto yin lissafi, kuma takwararta ROCm ta AMD ba ta kamo ta ba wajen sauƙi da yaɗuwa. Na biyu su ne masu allo na 1080p da ke buga Counter-Strike 2 ko Valorant ko wasan ƙwallo, waɗanda kati mai rahusa ya ishe su. A gare su RX 9060 XT mai GB 16, wanda ya fito a Yunin 2025 a dala 349, ko RTX 5060 Ti mai GB 16, wanda ya fito a Afrilun 2025 a dala 429, sun wadatar, kuma ya kamata a lura da kyau domin dukansu biyu suna da tagwaye masu GB 8 da suna iri ɗaya. Mai ƙaramin kasafi yana iya duba Arc B580 na Intel, mai GB 12, wanda ya fito a Disamban 2024 a dala 249, amma shi yana buƙatar sabon firosesa da kuma kunna Resizable BAR, saitin da ke ba firosesa damar isa ga dukkan memorin katin kai tsaye, kafin ya nuna ƙarfinsa. Mai amfani da Linux kuwa yana da ƙarin dalilin karkata ga AMD, saboda direbobinsa buɗaɗɗu ne kuma suna zuwa tare da tsarin.

Idan an yanke shawarar saye, zaɓi tsakanin samfuran ba ya buƙatar dogon tunani. Ƙwaƙwalwa ɗaya ce a cikinsu duka, kuma bambancin sauri tsakanin mafi arha da mafi tsada bai wuce kashi kaɗan cikin ɗari ba; abin da ƙarin kuɗin yake saya shi ne sanyaya mai kauri, da fanka marar ƙara, da fitilu masu launi. Samfura na ƙasa irin su Sapphire Pulse da PowerColor Reaper su ne suka fi riƙe hujjar farashin da aka gina katin a kanta. Kafin a biya, a auna tsawon akwatin kwamfutar da awo na gaske, domin manyan samfuran suna haura santimita 32 kuma suna cinye ramuka uku, sannan a duba tsawon garantin da kowane kamfani yake bayarwa. Ramin PCIe 4.0 ya ishe shi, ba sai an sauya madabod saboda shi ba, amma ya kamata a haɗa shi da firosesa na zamani mai ƙwaya shida ko takwas da babban memori GB 32, a kuma shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, a tabbatar Resizable BAR a kunne yake kafin a fara auna abin da katin zai iya.